Dutse Mai Katantanwa

Bayan shekarar babbar yunwa, an yi wata yarinya da ke karatu a lakol, wato makarantar boko, ta Katolika a ƙasar Madawa. Yarinyar akwai ƙoƙari, amma fa akwai son a yabe ta.

Wata rana malamin kimiyya Yosefu, wanda suke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce, "Yara, tudun nan namu da can can teku ne. Ku hau ku duba. Za ku ga katantanwar ruwa ta koma dutse. Kowa ya kawo ɗaya."

Yarinya ta hau tudu. Ta duba nan, ta duba can, duk ƙanana. Can gefe, inda ba hanya, sai ga wani farin dutse a kafe cikin ƙasa. Katantanwar jikinsa ta kai tafin hannu.

Wurin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ta ga alama mutum ne ya kafa shi. Amma ta ce, "Nawa sai ya fi na kowa." Ta tumɓuke shi ta ruga.

Mushe ya yaba mata ƙwarai. Ya ajiye dutsen a kan taga.

Ba a jima ba, da rana tsaka, yara suka fara jin ƙarar sanda a bayan aji. Ƙwas. Ƙwas. Sai wani dogon tsoho ya tsaya a bakin taga, jikinsa fari fat da ƙasar tudu. Ba ya sallama, ba ya cewa uffan. Dutsen kawai yake kallo. Da Mushe ya juyo, sai ya ɓace.

Gobe ma haka. Jibi ma haka.

"Aljanin tudu ne," in ji yara cikin raɗa. "Ya biyo kayansa."

Tsoro ya hana yarinya cin tuwo. Innarta ta ce, "Ke, mi ya same ki?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Inna ta dafe ƙirji. "Wayyo ɗiyata! Ba aljani ba ne, Baba Mato ne. Lokacin yunwa shi da iyalinsa suka taso daga garin Ibohamane. Ɗiyarsa Fatsima ta rasu a hanya, ya rufe ta a tudun nan. Ruwa ya shafe kabarin. Dutsen nan kaɗai ne shaidarsa."

"To, mi ya hana shi magana?"

"Kunya. Bai taɓa shiga lakol ba. Ga hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya cike ramin dutsen, ya rabu da wurin ke nan har abada."

Da safe yarinya ta tsaya gaban Mushe. "Mushe, na yi laifi. Na ga kafa dutsen nan aka yi, amma na cire." Ta ba shi labarin kabarin Fatsima.

Mushe bai yi faɗa ba. Ya miƙa mata dutsen, ya aika aka kira tsohon, suka hau tudu. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗawa. Yarinya ta nemi ramin dutsen, ta nema, ta nema, har ta fara kuka.

Sai ga ramin! Ta sa dutsen, ya zauna daram.

Baba Mato ya durƙusa ya shafa ƙasar. Hawaye suka zubo masa. "Fatsima, ga ni," in ji shi. Sannan ya dubi yarinya. "Allah shi yi miki albarka, jikata."

Suna saukowa, ruwa ya kece.

Mushe ya ce, "Neman ilimi abu ne mai kyau. Amma abin da kika tarar an ajiye, ki tambaya kafin ki ɗauka."

Yarinya ta ce, "Na ji, Mushe." Ran nan ta ci tuwonta har da ƙari.