Sunan da Ke Ƙasan Takarda

Bala'in da ya sauka a gidan Ustad Mazhar Alvi irin wanda mutum ba ya yi wa ko maƙiyinsa fatansa ne. Maƙiyansa dai, su talatin da tara, wato sauran 'yan Ƙungiyar Masu Buga Zane ta Lahore, sun daɗe suna yi masa fatan wanda ya fi shi muni.

Saura kwana shida taron shekara. Al'adar taron ita ce kowa ya zo da zane ɗaya da ya buga kofi arba'in, kowane kofi da lambarsa da sunan mai shi a ƙasa da fensir. Sai a yi musaya, kowa ya koma gida da aikin abokan sana'a, ya sami abin kushewa har shekara ta zagayo. Ustad da dutse yake bugu: a yi zane a kan shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi, a shafa ƙaro, a jiƙa, a bi da tawada, a matse takarda a kai. Sau biyu cikin shekara ukun nan shi ya ɗauki lambar yabo, har masu sharhi suka rubuta cewa hannunsa ya koma ƙuruciya.

Gaskiya suka rubuta. Hannun shekararsa ashirin da shida, na 'yarsa Tabinda ne. Nasa hannun shekara uku ke nan yana rawa, ko shayi ba ya kai wa baki a cike. Ita take zane, shi yana tsaye a bayanta yana ba da umarnin da ba ta bi. Abin da ya rage masa sa hannu ne kawai, shi ma sai ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa ko za a sa sunanta, ko da a ƙarƙashin nasa ne. Ya ce, "Wa ya san ki?" A wurin taro aikinta ɗaukar jaka ne da zama a layin baya.

Ran da abin ya fara, magariba ta sauko a hankali cikin hayaƙin gari. Takardu arba'in suna rataye a igiya a ɗakin aiki, an gama sa musu hannu. Begum Nighat, matar gidan, tana kan rufi tana kwashe shanya. Ustad yana tsakar gida da kofin shayi. Ladanai suka yi ta kira suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har unguwar ta yi irin shirun da ake jin ɗigar famfo.

Sai dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa.

Ba tsakuwar titi ba ce. Gutsuren dutsen bugu ne, fari, mai sanyi, da guntun tsohon rubutu a jikinsa. Ustad ya juya shi a tafinsa, ya ɗaga kai. Babu komai a sama sai shirwa guda tana kewayawa.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji shi.

"Maƙwabtanmu ba su da 'ya'ya," in ji Begum Nighat daga saman matakala.

"To su haifa, in san wanda zan zaga."

Washegari a daidai wannan lokaci duwatsu uku suka faɗo. Bayan na ukun, daga ɗakin aiki da yake kulle, aka ji wata murya, ƙasa-ƙasa, a dushe, kamar ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba. Ƙirge take yi. Ɗaya cikin arba'in. Biyu cikin arba'in. Ba ta sauri, ba ta tsallake. Ustad ya tsaya a bakin ƙofar da mabuɗi a hannu, mabuɗin yana ƙara saboda rawar hannun. Ya yanke shawarar barin mai ƙirgen ya gama, don rashin ladabi ne a katse mutum. Da ya buɗe, babu kowa. Taga ce kawai a buɗe, takardu suna ɗan lilo.

Da ya kunna fitila ya ga abin da aka yi. Lambobin suna nan. Sunansa ne babu, a duka arba'in ɗin. An goge shi tsaf, gogewar wanda ya san darajar takarda.

Yini guda ya ɓata yana sake sa hannu, yana gumi cikin sanyi. Da magariba aka sake gogewa. Ya ɗaga takarda ɗaya ga haske, ya ga wurin ya yi shara-shara. Gogewa ta uku za ta huda ta, kuma babu lokacin sake bugu. In ya je taro hannu wofi, Farfesa Salahuddin Rana, shugaban ƙungiya, wanda shekara talatin yana jiran wannan rana, zai tambaye shi dalili cikin tausayi a gaban kowa.

Ustad mutum ne mai karatu, bai yarda da abin da ba a iya aunawa ba. Ya zauna ya yi nazari. Ya lura duwatsu ba sa faɗowa sai matarsa tana kan rufi. Ya lura Tabinda tana da mabuɗi, kuma tagar ɗakin aiki tana fita ta bayan kicin. Ya yi niyyar tara su ya yi musu bayani dalla-dalla.

Bai samu dama ba. A magariba ta huɗu suka sami Tabinda a tsaye a ɗakin aiki, fuskarta ga bango, gashinta a kwance, yatsanta a cikin tawada. Rubutu take yi a bango, a juye, kamar wanda ake karantawa a madubi. Wannan bai dame shi ba, duk mai aikin dutse ya iya. Abin da ya dame shi, irin rubutun tsofaffin littattafai ne, wanda bai taɓa koya mata ba, don shi ma bai iya ba.

"Tabinda," in ji uwar. "'Yata."

Ta juyo. Idanun a buɗe suke, amma ba su sauka a kan kowa ba. Muryar mai ƙirge ce ta fito daga bakinta.

"Ina ɓarawon?"

Babu wanda ya tambayi wa ake nufi, abin da ya fi komai ɓata wa Ustad rai.

Begum Nighat ce ta kira Hafiz Abdul Quddus, tsohon malamin Larabci da ya yi ritaya, wanda ake kai wa irin waɗannan matsaloli. Ustad ya taɓa kiransa mai tallar tsoro a wani gidan biki. Hafiz bai manta ba. Ya iso washegari bayan la'asar, ya cire takalmi, ya dubi mai gidan ta saman tabarau.

"Ustad sahib. An ce ilimi ya ƙare muku."

"Matata ce ta kira ka."

"Kullum su ne suke kira. Ina yarinyar?"

Aka zaunar da ita a tabarma a ɗakin aiki, kusa da babban dutsen da aka buga zanen da shi. Hafiz ya kunna turaren wuta, ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ta janyewa daga taga. Inuwar injin matsi ta miƙe a ƙasa har ta taɓa gwiwar Tabinda. An daɗe ba a jin komai sai muryarsa da motsin takardu a igiya. Can sai kafaɗunta suka sauka, bayanta ya ranƙwafa, ta zama kamar tsoho a zaune. Muryar nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Karatunka da kyau, amma kana gajarta maddi."

Hafiz ya yi gyaran murya. "Wane ne kai?"

"Mai dutsen nan. Shekara ɗari da talatin ina cikinsa, tun yana gidan buga littattafai. Wannan ya tsince ni ran da aka rufe gidan."

"Musulmi ne kai?"

"Na fi wasu da ke ɗakin nan."

"To me ka nema a jikin 'yar mutane?"

Kan ya juya a hankali zuwa ga Ustad. "Marubuta goma sha ɗaya suka yi aiki a kaina. Kowanensu in ya gama littafi sai ya sa a ƙarshe: wane ɗan wane ne ya rubuta, a yi masa addu'a. Akwai mashayi a cikinsu, akwai wanda ya gudu da matar abokinsa. Babu wanda ya sa sunansa a aikin wani. Shekara uku hannun yarinyar nan nake ji a bayana, ana karanta mini sunan wancan."

"'Yata ce!" in ji Ustad. "Ni na koya mata!"

"Uwarta ce ta koya mata tafiya. Uwar ce take zuwa inda ta je?"

"Me ya sa sai yanzu?" in ji Hafiz.

"Shekarar farko na ce lalura ce. Ta biyu na ce kunya za ta kama shi. Mu muna da haƙuri, amma muna yawan kuskure a kan mutane."

"Faɗi abin da kake so ka fita."

"Hannunsa na dama."

Hafiz ya dubi hannun, wanda yake ta rawa a kan gwiwa. "Wannan? Me za ka yi da shi? Nemi abu mai amfani."

Ustad ya ji wannan ya fi jifa zafi, kuma ya lura Hafiz ya ji daɗin faɗinsa.

"To ya tashi a gaban taro ya faɗi wanda ya zana na shekara ukun nan."

"Gara a rushe gidan nan a kaina," in ji Ustad.

"Wannan ma ana iya shiryawa."

Aka shiga ciniki. Hafiz ya ce tona asirin uba a bainar jama'a ba aikin Musulmi ba ne. Muryar ta ce cin haƙƙin 'ya ma haka. Ustad ya ce a sa sunaye biyu, nasa a sama. Muryar ta yi dariyar da ta sa Begum Nighat ta fara salati. Daga ƙarshe aka tsaya a nan: abin da ya wuce a rufe shi, na bana sunan Tabinda kaɗai, ita za ta tsaya a gaban taro ta nuna yadda ake bugu, Ustad zai ɗauki jaka.

"Sai kofi ɗaya nawa," in ji muryar. "Al'adar sana'a ce, wanda ya ɗauki nauyin matsi yana da kofinsa."

"Arba'in ne cif," in ji Ustad.

"Akwai na gwaji a cikin akwatin da kake kullewa. Ka rantse."

Ustad ya dubi matarsa. Tana zaune a gefensa, hannuwanta biyu a cinya, fuskarta jiƙe da hawaye. Ya buɗe baki zai ce shi ya gane wannan wasa, ya san wa yake hawa rufi. A daidai nan dutse ya faɗo tsakar gida, babba, har kofin da ya bari a can ya tarwatse. Ya sake duban matarsa. Tana nan. Ya ƙirga mutanen ɗakin, ya sake ƙirgawa.

Ya rantse.

Hafiz ya ɗaga murya da karatu. Tabinda ta sanƙare, ƙafarta ta hagu ta yi ta kaɗawa, ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Ammi, ƙishirwa nake ji." Sannan ta dubi bango, ta juya ga uban. "Abbu, wa ya ɓata mana bango?"

Ustad ya buɗe akwatin da mabuɗin da ba ya rabuwa da wuyansa. Kofin gwajin ba ya ciki.

A bakin ƙofa Hafiz yana sa takalmi ya ce, "Yanzu ka yarda?"

"Ban yarda ba."

"Ba komai. Shi ma bai yarda da kai ba."

Ranar taro Ustad ya ɗauki jaka, ya gano tana da nauyi, kuma daga layin baya ba a jin komai sai gulma. Tabinda ta tsaya a gaban dutse, ta naɗe hannun riga, ta buga kofi uku a jere babu ko ɗigo. Tsofaffi suka taru suna kallo da fuskar masu cin magani. Aka yi musaya. Farfesa Rana ya ɗaga nasa kofin, ya karanta sunan da ke ƙasa, ya tako har layin baya.

"Mazhar sahib! Ashe hutu aka ɗauka? Yarinyar tana da ɗan hannu, ba laifi. Amma ka faɗa mata gaskiya, kwaikwayon aikinka na shekara ukun nan kawai take yi, kuma ba ta kusa ba. Wancan hannun ƙwararre ne. Irin wannan ba a gadonsa."

"Ina faɗa mata kullum," in ji Ustad.

Tabinda tana bayansu tana goge tawada a yatsu. Begum Nighat, wadda ta zo taron karo na farko a rayuwarta, ta tambayi ta kusa da ita sunan wannan bawan Allah, da inda yake zaune.

Lambar yabo ta tafi ga wani ɗalibin Farfesa da ya buga hoton kujera. A rahoton alƙalai an shawarci Tabinda Alvi ta ƙara nazarin ayyukan mahaifinta na baya-bayan nan.

Kwana biyu bayan haka, da magariba, dutse ya faɗa tsakar gidan Farfesa Rana. Gidan yana can ƙarshen gari, tafiyar sa'a guda daga na Ustad. Ƙanwar Begum Nighat tana aure a gidan da ke bayan na Farfesa, mai hawa uku.