Tambayar Delaney a Bakin Tafki

Ranar da Emmett Sizemore ya fara ganin Delaney, abin da ya sani game da golf bai wuce cewa ɗan maraƙi na iya haɗiye ƙwallon ya mutu ba. Ɗalibi ne a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Cedar Bluff, kuma makiyayar da suke kiwon shanun sashen tana jingine da filin da 'yan matan ƙungiyar golf ke atisaye. Shingen waya ne kawai ya raba su. Kowace safiya sai ya tsinci fararen ƙwallaye a cikin ciyawa. Da suka cika bokiti, ya ɗauka ya tsallaka shingen ransa a ɓace.

Ita ya fara tararwa, doguwa, rana ta ƙona mata hanci, tana goge sandarta ta buga ƙwallo da tawul.

"Waɗannan na waye?" in ji shi.

Ta leƙa bokitin, ta ɗauko ɗaya mai ɗigon kore a jiki. "Wannan nawa ne. Wannan ma. Kai, ashe rabi nawa ne."

"To, shanuna ba sa buga golf."

"Ka gwada su? Ƙila su fi Josie."

Wata gajeriyar yarinya ta ɗaga murya daga can baya. "Ina jin ki, munafuka! Ai ni ƙwallona a fili yake sauka."

Emmett ya zo da faɗa, ya koma da bokiti wayam da lambar waya a bayan hannunsa. Da ya san abin da zai jawo wa mutanen nan, da ya zubar da ƙwallayen a kwata ya yi tafiyarsa. Ya sha gaya wa kansa haka daga baya, kuma bai taɓa yarda da kansa ba.

Delaney 'yar Koci Harlan Stroud ce, wanda ya fi shekara ashirin yana horar da ƙungiyar. Duk garin sun san tarihinsa. Ya sha kai 'yan matansa gasar jami'o'i ta ƙasa, sau huɗu suna zuwa na biyu, bai taɓa ɗaukar kofin ba. Hotunan ƙungiyoyin suna jere a barandar ofishinsa, kowane da 'yan mata biyar suna murmushin dole. Wasu daga cikinsu yanzu suna da 'ya'ya a sakandare, amma idan suka haɗu da shi a kasuwa har yau sukan sunkuyar da kai kamar su suka ci amanarsa. A fili Delaney takan kira shi Koci, a gida kuma Baba, kuma ta taɓa gaya wa Emmett cewa ba ta cika ganin bambancin ba.

Ranar da ta kai shi gida cin abincin Lahadi, mahaifiyarta Marlene ta cika masa faranti da gasasshen naman sa da burodin masara. A gefen Koci akwai mataimakinsa Tanner, saurayi mai tsabta wanda shi ma ya buga golf a jami'a, kuma kowa ya san shi Koci yake yi wa Delaney sha'awa.

"Wane wasa kake yi, yaro?" Koci ya tambaya.

"Ba na yin ko ɗaya, yallaɓai."

Tanner ya yi dariya. "Yana dai tsintar ƙwallo. Shi ma aiki ne."

"Ba ni da matsala da kai," in ji Koci, ya ajiye cokali. "Amma baɗi zan yi ritaya, ita ma baɗi ce shekararta ta ƙarshe. Ban taɓa samun 'yan wasa irin waɗannan biyar ɗin ba. Duk abin da zai raba mata hankali, abokin gabana ne. Ka gane?"

"Na gane, yallaɓai."

Bai daina zuwa shingen ba. Idan ƙungiyar ta yi tafiya, waya ce ke haɗa su.

"Likitan shanuna, yau na buga kamar kaka. Baba bai ce min uffan ba a mota. Ka gaya min wani abu da ba golf ba, don Allah."

"Mai ɓarnata, jar saniyar nan ta haihu da safe. Mace ce, ƙafafunta dogaye, ba ta iya tafiya a miƙe. Na sa mata sunanki."

"Zan rama. Ina kewarka har ina jin haushin kaina. Kai kaɗai ne in na dube ka ba na ganin lissafin maki a idonka."

Shekara ta kewayo, suka sake samun gurbi a gasar ƙasa. Delaney ta roƙe shi ya zo, ya tuƙa tsohuwar motarsa yini guda ya je. Marlene ta ja shi gefe ta karanta masa dokar wurin. 'Yan kallo a gefen hanya suke tafiya. 'Yar wasa ita ke ɗaukar jakarta, ita ke yanke shawararta, kuma ban da kocinta ba ta da ikon neman shawarar kowa. "Ka tafa in ta yi kyau, ɗana, ka yi shiru in ta ɓata. Shi ke nan aikinmu."

Ya kiyaye har ranar ƙarshe. A ranar, Cedar Bluff da wata jami'a suna kafaɗa da kafaɗa, kuma a golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Delaney ce ta ƙarshe a fili. A rami na sha bakwai cikin ramuka sha takwas na filin akwai tafki a gaban inda ake jefa ƙwallon. Ko dai ta ajiye ƙwallonta a bakin ruwa ta ƙara bugu ɗaya cikin kwanciyar hankali, ko ta tsallaka da shi gaba ɗaya, in ya faɗa ruwa kuma an gama. Ta waiwaya neman mahaifinta, ba ya nan, yana can rami na ƙarshe wajen Josie da wasa ya rikice mata. Ƙwallon Delaney kuwa ya tsaya dab da hanya, inda Emmett yake tsaye. Ta dube shi kamar yadda take dubansa a bakin shinge.

"Emmett, in tsallaka ko in ajiye?"

Bai yi tunani ba. "Ki tsallaka, Laney. Kin iya."

Ta buga. Ƙwallon ya tashi ya haye ruwan, ya sauka ya gangara har kusa da tutar da ke nuna ramin. Mutane suka yi ihu, Emmett ya fi kowa. Ita kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta tsaya da sandar a hannu, fuskarta ta canza, don ta tuna abin da ta yi. Babu wanda ya ji su. Duk da haka ta ɗaga hannu ta kira alƙalin wasa, ta gaya masa da bakinta. Aka ƙara mata bugu biyu na hukunci. Cedar Bluff ta rasa kofin da bugu ɗaya.

A wurin ajiye motoci Koci ya same shi. Bai ɗaga murya ba.

"An gaya maka ka yi shiru?"

"An gaya min, yallaɓai."

"'Yan mata biyar. Da duk waɗanda suka gabace su. Muddin ina numfashi, kada ka taka min ƙofar gida."

Emmett ya koma, ya gama karatu, ya karɓi aiki a wani asibitin dabbobi da ke ƙauye mai nisa. Bai kira ta ba, don ya tabbata ganinsa ma ciwo ne gare ta. Ita ma ba ta kira ba. Ya ji labarin Koci ya yi ritaya ba biki, ƙungiyar ta watse, sabbin 'yan wasan ba su ko kusanci gasar ƙasa ba. Ya ji kuma ana ganin Delaney a motar Tanner. Ya ce a ransa hakan ya fi dacewa, ya ci gaba da duba haƙoran dawakin mutane, abinci kuwa sai ya tuna.

Ana nan har hunturu ya wuce, sai saƙon Josie ya shigo.

"Kai sakarai. Tanner direba kawai ya zama, ta sallame shi tun Kirsimeti. Tana zaton ka gudu ne don ta jawo maka zagi. Kai kana zaton me? Ni ce na zubar da bugu uku a rami na ƙarshe, ba wanda ya kore ni daga gari. Ka kira ta kafin in zo in fasa maka mota da sandata."

Bai kai ga kiran ba, Delaney ta zo da kanta, ta same shi a garken wani manomi, hannunsa duk magani.

"Ni na tambaya," in ji ta. "Kai amsa kawai ka ba ni."

"Da na yi shiru."

"Da ka yi shiru ma hukuncin na nan, tambayar ce laifin. Kuma da ban sake dubanka ba har abada." Ta share ido da bayan hannu. "Na rasa kofi, na rasa Baba, bai ƙara yi min maganar da ta wuce gaisuwa ba. Kai ma sai ka ɗora min naka?"

"Laney, mutumin da ya kashe wa mahaifinki burin rayuwarsa za ki aura?"

"Tambayata kake yi, ko shawara kake nema? Kai ne ka saba ba da amsa a inda bai kamata ba, amma yau ni zan bayar: zan aure ka."

Sun jira shekara biyu ko Koci zai sauko. Marlene ta yi magana, fasto ya yi magana, tsofaffin 'yan wasansa suka yi. Amsarsa ɗaya ce, Delaney ta girma, ta yi abin da ta ga dama, amma kada a sa ran zai riƙe hannunta ya kai ta gaban coci. Daga ƙarshe suka sa rana ba da shi ba.

An ɗaura auren da hantsi a ƙaramin cocin ƙauyen. Marlene ce ta rako ta, Josie da sauran ukun suka tsaya a bayanta. Delaney ta yi kyau, ta yi murmushi, amma Emmett ya ga idonta yana komawa ƙofa. Ba wanda ya shigo.

Ana cikin cin abinci a ƙarƙashin itatuwa, Emmett ya hango wata mota a can bakin titi, mutum zaune a ciki. Ya ajiye farantinsa ya tafi. Koci ne, ya rame, kwat ɗin da ya sa ya yi masa yawa.

"Yallaɓai, akwai abinci."

"Ban zo cin abinci ba." Ya juyo ya dube shi. "Ka san me zan ce mata da ni ta tarar a wurin?"

"A'a, yallaɓai."

"Ki ajiye. Haka na gaya wa kowace yarinya da ta tsaya a gaban ruwa, tun shekarar farko. Ki ajiye, kada ki yi ganganci. Kullum sai mu zo na biyu lafiya lau. Ban ce na daina jin zafinka ba. Ban sani ba ko zan daina. Kofin nan dai ba zan taɓa shi ba har in mutu."

"Na sani. Ina roƙon gafararka."

Koci ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali, ya bi ta cikin ciyawa, Emmett na biye. Delaney ta miƙe, ta riƙe gefen farar rigarta.

"Koci," in ji ta. Sai ta gyara. "Baba."

Ya tsaya a gabanta, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Wancan bugun naki na tafki," in ji shi. "Ban gani da idona ba, sai a bidiyo. Na kalle shi ya fi a ƙirga. Ban taɓa horar da wadda ta yi irinsa ba. Ya kamata in gaya miki tun a ranar."

Ta faɗa ƙirjinsa tana kuka. Ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan kuma, bayan ɗan jinkiri, ya ɗora a kafaɗar Emmett.

"Ubangiji ya albarkaci gidanku," in ji shi. "Ya ba ku abin da ya fi kofi."

"Amin," in ji Marlene, sauran suka amsa.