Auta da Shukar da Aka Ware

A ajin su Auta, kowane ɗalibi yana da tukunyar shukarsa. Malamar kimiyya ce ta raba musu irin tumatir. Suka shuka, suka jera tukwanen a bakin taga. Auta tana ji da tata shukar sosai. Da safe, kafin ma ta ajiye jakarta, sai ta ba ta ruwa.

Wata rana Malama ta lura ganyen wata shuka ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, har ya fara nannaɗewa. Ta ɗauke tukunyar ta kai can ƙuryar aji. Ta ce cutar bairas ce ta kama ta, kada kowa ya taɓa ta.

Shukar ta ba Auta tausayi. Ga ta ita kaɗai a lungu, babu mai kula ta. Da aka fita shan iska, sai Auta ta dawo aji. Ta tsinke ganyayen da suka lalace da yatsunta, wai don shukar ta ji sauƙi. Daga nan ta wuce bakin taga, ta gyara ganyen tata shukar, ta gyara na ƙawarta. Ba ta wanke hannu ba.

Bayan 'yan kwanaki, shukokin biyu suka yi dabbare-dabbare su ma. Ƙawarta ta kifa kai a tebur tana kuka. Malama ta tambayi ajin ko wani ya taɓa shukar da aka ware.

Auta ta miƙe. "Ni ce, Malama. Amma fa hannuna tas yake. Ban ga komai a kansa ba."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta sa siririyar fatar albasa a ƙarƙashinsa. Ta ce Auta ta leƙa.

"Na ga kamar ƙananan ɗakuna a jere," in ji Auta.

Malama ta ce su ne ƙwayoyin halitta. Da su aka gina kowace shuka, har da jikin mutum.

"To, ina bairas ɗin, Malama?"

"Ya yi ƙanƙantar da ko wannan madubin ba zai nuna shi ba. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan, ya sa ɗakin ya riƙa ƙera masa 'yan'uwa. Ruwan ganyen da ya taɓa yatsunki ne ya ɗauko shi."

Cutar ba ta da magani. Dole aka tuge shukokin uku aka ƙone. Auta ta ba ƙawarta haƙuri, idanunta cike da hawaye. A gida kuwa, yayanta ya tasa ta gaba da tsokana, yana kiranta likitar tumatir, sai da Mama ta ce ya ƙyale ta haka.

Washegari Malama ta ba su sabon iri da sabuwar ƙasa. Auta da ƙawarta suka yi shuka tare. Auta ta roƙi Mama sabulu, ta ajiye shi da bokitin ruwa kusa da taga. Duk wanda zai taɓa ganye sai ya wanke hannu, ko da shugaban makaranta ne.

Shukokin suka girma lafiya, suka yi jajayen 'ya'ya. Auta ta gane cewa akwai cutar da ido ba ya gani. Ta kuma koyi cewa idan tana son ta taimaka, ta fara tambayar wanda ya sani.