Shafin Sadaukarwa

"Malama, angonki ya shigo!"

Ajin ya kwashe da dariya. Malama ta waiga ga babban allon bango, inda ta haska kundin digirinsa don nuna wa ɗalibai yadda ake kafa hujja da Turanci. Ga alamarsa nan kuwa, wani siririn koren sanda mai nuna inda yake a shafin, yana ƙiftawa. Haka manhajar rubutun take, duk mai izinin shiga yana ganin abin da ɗayan ke rubutawa nan take.

Ta nan suka saba. Ya zo mata da Turanci a cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Tana warwarewa a gefen shafi yana gyarawa, har gyara ya koma hira, hira ta kai ga maganar aure.

Sandan ya gangara shafin sadaukarwa, inda sunanta yake.

Harafi ɗaya ya ɓace.

Sai na biyu...

Dariyar ta mutu. Suna kallo ya goge ta tas, ya rubuta sunan 'yar farfesansa, wadda mahaifiyarsa ta daɗe tana yi masa tallarta.

Malama ta fita baranda ta kira shi a waya.

"Na ga gyaran, ranka ya daɗe."

"Wane gya... Innalillahi! Kina cikin kundin?"

"Ni da ɗalibaina kaf."

"Hasken idona, ki saurare ni! Umma ce ta rantse. Wai matar da ta koya min rubutu, har abada kallon ɗalibi za ta yi min..."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Ni na koya maka kare hujja gaban farfesoshi, amma jimla ɗaya ta gagare ka gaban Umma?"

"Wallahi na so in gaya miki, bayan..."

"Bayan na gama gyara maka babin ƙarshe, ko?"

Bai musa ba. Wannan ya fi gogewar ƙona mata rai.

Ta koma aji, kowa ya sunkuyar da kai. A gabansu ta danna wurin cire kanta daga kundin. Manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata.

Ta yi murmushi mai ɗaci, hawaye na sauka.

"Kun gani? Ko na'ura sai ta tambaya kafin ta goge mutum."

Ta danna.