Reza a Ɗakin Tsofaffin Mujallu

Tun bai kammala digirinsa na uku ba ya sa ake kiransa Dakta, har matarsa ma haka take ce masa in da baƙi. Cika baki kam akwai, karatun ne babu. Babi na biyu na kundin bincikensa, kaf daga wata tsohuwar mujalla ya kwashe shi, ko waƙafi bai canza ba. Hankalinsa kwance, don mujallar ba ta intanet. Kwafi ɗaya ya rage, a ɗakin ƙasa na laburaren jami'a, inda ba mai sauka.

Sai ga labari cewa farfesan da zai jarraba shi washegari yana tambayar inda ake ajiye tsofaffin mujallu. Abin da ya kai Dakta laburare gab da magariba ke nan, da reza a aljihu.

Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa tana haɗa jakarta. Ta ce masa ba a sauka ƙasa a wannan lokacin, masu wurin suna karatu. Ya yatsine fuska ya ce ta adana tatsuniyarta, ta kai wa jikokinta.

"To, Malam," in ji ta. "Ka dai yi sallama."

Bai yi ba.

Ɗakin na warin tsohuwar takarda da kashin ɓera. Ƙwan fitila ɗaya ne, yana ta ƙyaftawa. A can ƙurya ya tarar da mujallar kan tebur, a buɗe, daidai shafin da ya zo nema. Ƙura ta rufe teburin, amma kujerar da ke gaban teburin fes take. Ya dafa ta, ya ji ɗumi.

Da mai hankali ne, da nan ya juya. Dakta ya zaro reza.

Ƙirrr, ya yanke shafi. Ya ƙara. Sai ya ji numfashi a ƙeyarsa, mai zafi, mai ƙauri.

"Ban gama ba," aka raɗa masa.

Ya ƙame. Shafin da ke gabansa ya ɗaga da kansa, ya juya.

"Kai wancan zuwan ma hoto kawai ka ɗauka. Ba ka karanta ba."

Fitila ta mutu.

A kowace kanta takardu suka fara motsi. Shaf. Shaf.

Ya damƙe shafukan ya ruga. Addu'ar da ya kama, rabinta kawai ya iya. Da rarrafe ya hau matakala, takalmi ƙafa ɗaya.

A gida ya cinna wa shafukan ashana, ya ga sun zama toka. Nan da nan baki ya dawo, har da yi wa matarsa tsawa kan abinci ya huce.

Washegari ya ci ado ya zauna gaban kwamitin jarrabawa. Farfesan ya buɗe kundin, ya tsaya, ya gyara tabarau. Sauran ma suka buɗe nasu. A kowane kwafi an yanke babi na biyu da reza, tsaf. A gurbinsa an ɗinke tsofaffin shafuka masu ƙuna a gefe, da sunan ainihin mai binciken a sama.

"Malam," in ji farfesan, "wannan sunanka ne?"

Yanzu ba mai ce masa Dakta sai mai neman tsokana. Takalminsa kuwa, ma'aikaciyar ta ce yana nan ƙarƙashin kujerar, an goge shi, ana jiran ya zo ya ɗauka.