Ƙasusuwa a Buhun Albasa

Da hantsi aka kira Sufeto Kamaluddeen. An tsinci buhun albasa cike da ƙasusuwan mutum a kangon da ke bayan gidan wani mai zane a Maiyama.

Ko da ya isa, jama'a sun kewaye gidan, wasu riƙe da sanduna. Ya ratsa su ya shiga. Bangon ɗakin duk zanen ƙwarangwal ne, haƙarƙari a nan, ƙoƙon kai a can. Malam Yasir, mai zanen, yana tsaye a ciki.

"Me kake yi da waɗannan?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, littafin ɗaliban kiwon lafiya nike yi wa zane. Wanda bai san ƙashi ba, ba shi iya zana mutum daidai."

Sufeto ya sa shi a mota kafin a taɓa lafiyarsa.

A asibiti likita ya tabbatar ƙasusuwan namiji ne, an fasa masa ƙeya. Yasir ya roƙi a bar shi ya duba. Ya jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya.

"Kowane hannu ƙasusuwa ashirin da bakwai gare shi. Nan bai fi goma ba duka. Wanda ya tono gawar bai san ƙananan ba, suna can inda aka fara binne ta."

Ya ɗaga ƙashin kafaɗar hagu. "Wannan kuma ya taɓa karyewa, ɗorin bai zauna ba. Na san kafaɗar nan."

Aka ɗauko littafin zanensa. Ga wani ɗan dako da ya zana bara a kasuwar albasa ta Aliero, kafaɗarsa ta hagu a zube. A ƙasa an rubuta: Munir.

A Aliero, Sufeto ya sami yayar Munir, Barakatu, tana tankaɗe.

"Wata takwas ke nan rabona da shi," ta ce. "Maigidansa Usmanu ya ce ya bi motar albasa ya tahi Kudu. Amma Munir bai taɓa yin sati bai kira ni ba."

Usmanu yana gonarsa ta fadama. Ya tarbi Sufeto da fara'a.

"Munir? Lahiyarsa lau. Ko shekaranjiya mun yi waya."

"Nuna mini lambar."

Ya daɗe yana latsa wayar. "Kamar ta goge, Yallaɓai."

Sufeto ya zaga gonar har ya kai gindin wani mangwaro, inda ƙasa ta yi laushi kamar an juya ta kwanan nan.

"Me aka shuka a nan?"

"Rijiya za a gina, masu aikin na tahe jibi."

Sufeto ya sa aka aro rariya a ƙauye, 'yan sanda biyu suka shiga tankaɗe ƙasar. Ba a yi rabin awa ba wasu abubuwa kamar tsakuwa suka fara zama a rariyar.

"Ƙashin akuya ne," in ji Usmanu da sauri.

Yasir, da ke cikin mota, ya fito ya karɓa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera su gaɓa bayan gaɓa. Hannun mutum ya bayyana, har da babban yatsa.

Usmanu ya zauna daɓas a ƙasa.

"Injin ban-ruwa ya ƙona mini," ya ce. "Muka yi cacar baki, ya juya zai tahi, na buga mai shebur. Wallahi ban yi nuhin kisa ba."

"Me ya kai buhun Maiyama?"

"Ɗan'uwana ya nace sai a nan za a yi rijiyar, dole na tono gawar. Na tuna mai zanen ƙwarangwal da na gani kasuwa. Na ce kowa zai yarda shi ne."

"Saura kaɗan a kashe shi saboda kai," in ji Sufeto, ya ɗaura masa ankwa.

Barakatu ta iso ana shigar da Usmanu mota. Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa gaban ƙyallen.

"Yaushe za ku ba ni shi in yi mai sutura?"

"Gobe, da yardar Allah," in ji Sufeto. "Ni da kaina zan kawo shi."