Kwalabe Biyu a Gidan Farfesa

Magariba ta kawo jiki, matar gidan tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ta tsaya da zane a hannu tana saurare. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban ƙafarta, da ta taɓa shi ta ji shi da ɗumi. A cikin ɗaki kuwa Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ta ture littafin da take karantawa, ta kafa wa bango ido, tana dariya da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

Haka abin ya fara. Wata rana ya zo, wata rana ya yi shiru, amma kullum da faɗuwar rana ne.

Maigidan malamin jami'a ne, yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam. Maƙwabta suna ce masa Farfesa ko da yake bai kai ba tukuna. Shekara ashirin yana nanata wa ɗalibai magana ɗaya: don abu biyu sun zo tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Mai son sanin sababi sai ya canja abu guda, ya bar sauran yadda suke, ya kwatanta.

Asibiti ba su ga komai ba, sun dai ba Auta maganin barci. Sai ya sayo littafin rubutu. Makon farko ya karɓe wayarta, abin ya zo. Mako na biyu ya mayar mata da wayar ya canja mata ɗaki, abin ya bi ta. Na uku ya hana ta karatun jarrabawa. Duwatsu suka ci gaba da sauka, yana tsince su yana rubuta lokaci, Auta tana ramewa har awarwaronta ya fara zamewa daga hannu.

"Baban Auta, a kira Malam," in ji matarsa. Ta gaji har muryarta ba ta tashi.

"Ki ba ni kwana goma sha biyu."

Ya yarda a karɓo ruwan addu'a, amma da sharaɗi. Ya sa ƙanwarsa ta zuba shi a kwalba ɗaya, ruwan famfo a wata irinta, ta yi alamar da ita kaɗai ta sani. Kullum za ta jefa kwabo sama, fuskar da ta faɗo ita ke zaɓen kwalbar da za a ba yarinyar. Shi bai sani ba, Auta ba ta sani ba. Da kwanakin suka cika ya zauna ya haɗa: ta yi ihu sau uku a kan ruwan addu'a, sau uku a kan na famfo. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce a kira Malam.

Malam dattijo ne mai sanyin magana. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya saurari bayanin kwalaben har ƙarshe bai katse ba.

"Dabara ce mai kyau," ya ce. "Sai dai ka ɓoye wa mutum biyu, ka manta da na uku."

Rana na faɗuwa ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Auta ta sandare, idonta ya juye, muryar ta fito a hankali.

"Ina kallo lokacin da ake zubawa. Na raba muku daidai don kada wani ya ji haushi."

Ƙanwar maigidan ta yi salati ta ja da baya.

"Me ta yi maka?" Malam ya tambaya.

"Ba komai. Wucewa nake na ga wuri."

"To, yau za ka fita."

Ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi kururuwa, ta yi zagi, ta yi magiya, har gumi ya jiƙe wa dattijon riga. Can sai kan yarinyar ya juyo wajen ubanta.

"Farfesa, kai nake ji. In na tafi yau ba za ka taɓa sani ba. Za ka ce magani ne, za ka ce hutun karatu ne, za ka ce tsohon nan ne. Ka bar mini Talata kawai. Sauran kwana shida nata ne. Wata biyu ka kwatanta, ka ga da idonka."

Maigidan bai amsa nan take ba. Shirun bai fi numfashi biyu ba, amma matarsa ta ji shi, ta ɗago ta dube shi.

"Ko minti ɗaya," ya ce. "Malam, a ci gaba."

Ta babban yatsan ƙafar hagu Malam ya umarci aljanin ya fita. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Dutse ɗaya ya faɗo a kan kwano, daga shi ba a sake jin wani ba.

Bayan mako biyu ta fara cin abinci sosai. Wani yammaci maigidan yana zaune a ƙofar ɗaki yana jin ta tana faɗa da gwaggonta a kan tsintsiya, matarsa ta zo ta zauna nesa da shi kaɗan. Tun ranar ba ta yi masa doguwar magana ba.

"Maganar Talatar nan, ka so ka yarda?" ta ce.

Ya so ya ce a'a da sauri. Ya shafa fuska da hannu biyu.

"Ban yarda ba," ya ce.

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ta miƙe ta shiga kicin. Ya zauna nan har aka kira salla.